Kwamfutar Suruki

Da kuɗin sayen kwamfuta suka iso ofishin makarantun ikilisiya, wato coci, a Maiduguri, cikin shekarar 1995, babu wanda ya ɓata bakinsa wajen tambayar wa za a aika ya zaɓo ta. Pindar mana, sai wa? Shi kaɗai ne a ofishin ya taɓa zuwa kwas ɗin kwamfuta a Kaduna, ya dawo da takardar shaida da wata sabuwar tafiya ta sauri, kamar kullum ana jiransa a wani wuri. Amma a faɗi gaskiya, Pindar ya san abin da ya karanto. Ba ya cikin masu dawowa daga kwas da Turanci kawai.

Aikin da ake so injin ya yi ba ƙarami ba ne. Ikilisiyar tana da makarantun firamare warwatse daga Biu har Askira da Gwoza, kuma kowace shekara 'yan aji shida suna rubuta jarrabawa guda. Sai a kwaso makinsu a kawo Maiduguri, a tara, a jera, a fitar da waɗanda za su shiga sakandaren ikilisiya. Da biro da rula ake yi, har idon mutum ya soma ganin bakwai kamar ɗaya. Rabaran Ya'akubu, shugaban ofishin, ya kira Pindar ya zaunar da shi.

"Malam Pindar, kuɗin nan sau ɗaya za su zo. In ka sayo mana abin da zai mutu, babu mai sake ba mu. Ba ado muke nema ba. Wadda za ta yi aiki daga safe zuwa yamma a zafin garin nan muke so."

"Na gane, Rabaran."

Ya kuwa gane. Kafin ya bar ɗakin ya riga ya san irin injin da yake nema. Yana son mai wadatacciyar ƙwaƙwalwa, don makin dubban yara ba ya shiga ƙaramin kai. Yana son faifan ciki, wato inda injin ke adana aiki, ya zama sabo fil, ba wanda wani ya gama tatsa a ƙasar waje ya yar ba. Yana son fanka mai ƙarfi a ciki, domin duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maiduguri ya san ƙarfe ma neman inuwa yake. Sai batirin da zai riƙe injin in an ɗauke wuta, da na'urar kaset da za a riƙa kwafe aikin yini a kai kowace yamma, ko da tsautsayi.

Ya zaga gari a kan babur ɗinsa har ya dace da shagon Babakura, can wajen gidan waya. Babakura Babarbare ne, da rediyo da keken rubutu ya fara kasuwanci, zamani ya tura shi ga kwamfuta.

"Wushe, Malam, sannu da zuwa! Shigo ciki, rana za ta cinye ka."

Injin da ya jawo daga ƙarƙashin tebur ba shi da kyan gani ko kaɗan. Launinsa kamar na tsohon haƙori, ga nauyi sai mutum ya yi nishi. Pindar bai ma roƙa ba, Babakura ya ɗauko sukudireba ya kunce murfin da kansa, ya juyo da cikin wajen haske.

"Duba da kyau. Ni ba na sayar da abu a rufe. Akuya ma sai an buɗe bakinta an ga haƙora, balle wannan."

Pindar ya duba, ya sake dubawa. Fanka biyu, faifai sabo da takardarsa, komai a ɗaure tsaf. Ga batiri, ga na'urar kaset. Suka kunna, injin ya tashi shiru ba hayaniya. Zuciyarsa ta kwanta nan take, ya ce wa Babakura ya ajiye masa, ranar Litinin zai dawo da takardar ofis.

Da ya isa gida a unguwar Bulabulin, matarsa Rhoda tana tankaɗe garin dawa a tsakar gida, 'yarsu Salomi na wasa da murfin tukunya kusa da ita.

"Baban Salomi, Baba ya aiko. Yana son ganinka gobe."

Pindar ya san dalilin kiran. Baba Manasse, mahaifin Rhoda, tsohon hedimasta ne kuma dattijon ikilisiya. Rabin ma'aikatan ofishin nan ta hannunsa suka bi, har Rabaran Ya'akubu ya sha bulalarsa. Da ya yi ritaya sai wani tsohon ɗalibinsa da ke Legas ya ba shi shawarar ya shiga sana'ar kwamfuta, shi zai riƙa turo masa kaya. Baba ya karɓa da hannu biyu. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, amma bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba, in ban da cewa ɗaya tana da maɓallai.

Shi kuwa Pindar, tun da ya auri Rhoda bai taɓa kiran sunan Baba da bakinsa ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa ce masa a'a ba. Tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi. Haka ya ga ubansa yana yi wa nasa surukin a Biu, haka kowane ɗan mutunci yake yi. Ga shi kuma Baba ya ba shi Rhoda lokacin da ko keke ba shi da shi, ya sallami masu motoci.

Washegari ya tafi gidan Baba a unguwar Umarari. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidan shi Baba ya mayar shago, an share an yayyafa ruwa, maƙwabta biyu na zaune a benci suna jiran ganin abin da mai ilimi zai ce. Pindar ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama da ke leƙe ta ƙofar cikin gida. Sannan Baba ya yaye wani farin mayafi mai sarƙa daga kan tebur, a hankali, kamar mai buɗe fuskar jariri.

Kai, injin nan ya yi kyau! Fari tas, yana sheƙi, a gabansa da wata 'yar taga da ke nuna lamba 66 da jan haske.

"Ka ga lambar nan?" in ji Baba. "Yaron nan, ɗalibina, ya ce saurinta ke nan. Ya ce duk Legas babu wadda ta fi ta." Ya gyara tabarau. "Ɗana, ba roƙonka nake yi ba. Na ji an ba ka aikin zaɓa wa ofis. Ka duba da idon ilimi. In ba ta yi ba, ka faɗa mini."

Pindar ya danna maɓalli. Lambobi suka soma gudu a allo, injin yana ƙirga ƙwaƙwalwarsa da kansa kamar yadda kowace kwamfuta take yi in ta tashi, sai ƙirgan ya tsaya a rabin abin da aka rubuta a jikin kwali. Layi na gaba ya nuna sunan wani tsohon samfuri da aka daina yayinsa tuntuni. Daga ciki kuma faifan yana wani ƙara, kamar ɓera na gurgurar ƙwarya. Ya kai tafin hannu bayan injin, iskar fankar ko kyandir ba za ta kashe ba. Ita kuwa jar lambar, a Kaduna an nuna musu yadda ake saita ta da hannu, ta nuna duk abin da mai sayarwa ya ga dama. Tsohon inji ne aka sa wa sabuwar riga, kuma an cuci Baba cuta mai muni.

Duk wannan Pindar ya gani kafin ya ɗauke yatsa daga maɓallin. Abin da ya rage shi ne ya ce a kawo sukudireba. Amma ya kunce kayan surukinsa, a gidansa, a gaban maƙwabtansa, Mama na kallo? Ai daidai yake da ya ce tsohon maƙaryaci ne, ko kuma wawa. Kuma wannan "ka faɗa mini", ai haka manya suke cewa. Baba ya sha ce masa ya zauna su ci tuwo tare, kuma dukansu biyu sun san ba zai zauna ba.

"Yaya ka gani?"

"Ba laifi, Baba."

"Za ta yi muku aikin?"

Pindar ya kalli yatsun ƙafarsa. "Za ta yi, Baba."

Baba ya ɗaga hannu sama ya gode wa Ubangiji. Maƙwabta suka ce madalla. Mama ta koma ciki ta aiko da kunun gyaɗa, wanda Pindar ya kai bayan ɗaki ya sha a tsaye, bai ji ɗanɗanonsa ba.

A gida ya gaya wa Rhoda komai, don abin ya fi ƙarfin cikinsa. Ta ajiye muciya ta dube shi.

"To ka koma ka faɗa masa."

"Ni? In je in ce wa Baba an mayar da shi wawa?"

"To bari ni in faɗa masa. Ubana ne."

"Kada ki kuskura! Sai a ce na kasa, na turo mace ta ci mutuncin ubanta." Ya sassauta murya. "Zan lallaɓa ta, Rhoda. Na san inji. A hankali zan riƙa canja kayan cikin, babu wanda zai sani."

Rhoda ta koma kan tuwonta. Tuƙin da ta yi masa ranar ya fi na kullum ƙarfi.

Aka sayi kwamfutar Baba a farashin sabuwa, kuɗin ya ƙare a kanta, batiri da na'urar kaset suka zama sai wata shekara. Ranar da aka kawo ta ofis, Rabaran ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, matan zumuntar ikilisiya suka yi waƙa, Baba na zaune a kujerar gaba cikin kwat ɗinsa ta hedimasta, fuskarsa cike da murna. Kowa ya yaba wa Pindar da iya zaɓe. Shi kuwa murmushin da yake yi har kumatunsa suka yi ciwo.

Ya daina bin hanyar gidan waya. Amma Maiduguri ba ta da girman da za ta ɓoye mutum, wata rana a gidan mai sai ga Babakura a bayansa.

"Malam Pindar, Litinin ɗinka ba ta zo ba har yau. Na ji wajen surukinka ka saya. Madalla, gida bai ƙi ba. Ka dai buɗe, ko?"

Pindar ya yi wata dariya da ba ta da tushe. Babakura bai taya shi ba. Ya dube shi ɗan lokaci, ya ce Allah ya sa albarka, ya tura babur ɗinsa gaba. Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi.

Lokacin sanyi injin ya yi ta jan ƙafa yana aiki, har Pindar ya soma gaya wa kansa ƙila abin zai wuce lafiya. Dorothy, mai buga takardun ofis, ita aka koya wa shigar da maki. Yarinya ce mai haƙuri, tana zama tun safe tana danna sunaye ɗaya bayan ɗaya, makaranta bayan makaranta. Sai zafi ya shigo. Da rana ta take, injin sai ya sandare, rubutu ya tsaya cak a allo, a danna duk abin da za a danna ko gezau.

"Oga, ta sake tsayawa."

"Hannunki ne ya yi sauri. Ki riƙa bi a hankali."

Dorothy ta ba da haƙuri, ta rage sauri. Wannan haƙurin da ta ba shi ya daɗe yana cin Pindar, don ya san hannunta ba shi da laifin komai. Ya ɗauko fankar tsaye ta ɗakinsu ya kawo ofis ya saita ta a bayan injin, ya bar Rhoda da Salomi da mafici. Ya jiƙa buhuna ya rataya a taga. Ya ce a riƙa kashe injin da azahar don, wai, haka ƙa'idar kwamfuta take. Kowace yamma yana kwafe aikin a ƙananan faifai yana kullewa a durowa. Canjin kayan ciki da ya yi wa Rhoda alkawari kuwa bai yiwu ba, domin wurin Babakura kaɗai ake samunsu, shi kuma ba shi da idon shiga shagon.

Ranar da abin ya faru, saura makaranta ɗaya a gama. Hedimastoci sun riga sun soma isowa daga kudu, wasu da iyayen yara, suna zaune a inuwar dogonyaro a harabar ofis suna jiran sakamako. Wuta ta ɗan lumshe ta dawo. Daga cikin injin aka ji ƙas, ƙas, ƙas, sannan shiru. Pindar ya kashe ya kunna. Allo ya ce bai ga faifai ba. Ya sake, ya sake. Jar lambar tana nan tana haskawa abinta.

Ya kwashi ƙananan faifan ya ruga wani ofis da ke da kwamfuta, ya roƙi arziki a gwada. Ko ɗaya bai buɗe ba. Ashe ramin da yake zura su a ciki shi ma ya tsufa, abin da yake rubutawa shirme ne tun farko. Da ya dawo ya tarar da Dorothy ta kifa kai a tebur tana kuka, tana cewa ita ce ta danna wani abu. Ya tsaya a kanta, bakinsa ya kasa cewa ba ke ba ce.

Kwamitin makarantu ya zauna, aka aika a kira Baba Manasse. Rabaran ya miƙa wa Pindar sukudireba ya ce ya buɗe kowa ya gani. Ya karɓa ya kunce. Murfin na tashi, wani wari na ƙonanniyar roba ya bugi ɗakin. Allon da sassan injin ke manne a kai ya yi ja don tsufa, ga tsatsa a gefe, fankar an ɗaure ta da waya. A jikin faifan akwai tambarin wata makaranta ta ƙasar waje, da shekarar da ta nuna ya girmi Salomi nesa ba kusa ba. Ko wanda bai san inji ba ya ga abin da aka yi.

"Malam Pindar," in ji Rabaran, "ba ka buɗe ba kafin a saya?"

"Ban buɗe ba, Rabaran."

"Don me?"

Kafin ya sami amsa, wani dattijo a kwamitin ya ɗaga hannu. "Rabaran, ku bar yaron nan. Wane ɗa ne zai kunce kayan surukinsa a gabansa? Da ya yi, mu ɗin nan ne za mu ce ba shi da tarbiyya. Abin da ke rufe kuwa, Allah kaɗai ke gani."

Kowa ya gyaɗa kai. Shi ke nan, an wanke Pindar tas, kuma a ɗakin babu wanda ya san cewa bai buƙaci buɗewa ba, tun ranar farko injin ya faɗa masa gaskiya a allo. Idanu suka koma kan Baba. Ba wanda ya yi masa magana mai zafi, ai malaminsu ne. Shirun da suka yi masa ya wadatar. Tsohon ya leƙa cikin injin ya daɗe, kamar yana neman wani abu da zai gane, sannan ya ɗauki hularsa ya fita.

Aka koma ga biro da rula. Sakamako ya makara ƙwarai, hedimastoci suka koma hannu wofi, wasu iyayen suka gaji da jira suka kai 'ya'yansu koyon sana'a, wasu yaran suka rasa shekarar ɗungum. A gari kuwa magana ta bazu cewa tsohon hedimasta ya sayar wa ikilisiyarsa mushe.

Pindar ya yi ta ɗaga zuwa Umarari har ya rasa uzuri. Da ya je, benci babu kowa. Ya cire takalmi ya shiga shagon, sai ya tsaya turus. Kwalaye ne jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, duk iri ɗaya, duk da hoton farin injin nan. Baba na zaune a tsakiyarsu a kan kujerar roba, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Shigo, ɗana. Kana kallon 'yan'uwanta ko?" Ya yi ɗan murmushi. "Ranar da ka ce za ta yi, washegari na je na buga wa yaron nan waya, na ce ya turo duk abin da ya rage. Gonar gida na sayar na cika. Na ce tunda Pindar ya duba, magana ta ƙare. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san ka."

Pindar ya durƙushe inda yake. Gonar nan ta kusa da Biu, ita ce Baba yake cewa can zai koma ya ƙarasa kwanakinsa.

"Yanzu in na buga, sai a ce ba a san mai sunan ba." Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ka san abin da ya sa na kira ka ran nan? Zuciyata ba ta kwanta da yaron ba. Na ce bari in sami wanda ba zai ruɗe ni ba. Da ka ce mini ba ta yi ba, da ko kwali ɗaya ban ƙara ba." Ya mayar da tabarau. "Amma kada ka sa wa ranka damuwa. Kai ma sun rufe maka ido. In har sun iya ruɗin mai ilimi irinka, ni wane ne?"

Ashe da gaske yake yi. "Ka faɗa mini" ɗin nan ba irin ta tayin tuwo ba ce, tsohon nema yake a cece shi. Pindar ya shirya faɗa masa gaskiya. Ya buɗe baki.

"Haka ne, Baba," ya ce.

Rhoda ta riga shi jin labarin gonar daga wurin Mama. Da ya shigo gida ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Ka faɗa masa?"

Ya kau da kai, ya wuce ya zauna a bakin ƙofar ɗaki.

"Baban Salomi, ka ce kunyarsa kake ji. Ba kunyarsa ba ce. Kanka kake tausayi, kada a ce Pindar ba shi da ladabi. To ga ladabinka nan, ya cinye gonar ubana." Ta juyo ta dube shi. "Ranar Lahadi Baba zai tashi a gaban jama'a ya roƙi gafara. Ya gaya wa Mama. Ni ka hana ni magana, na kuma yi maka biyayya, ina jin kunyar kaina. Amma kai, in akwai sauran wani abu a ƙirjinka, kada ka bar shi ya ɗauka shi kaɗai."

Ranar Lahadi majami'a ta cika, har da waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu. Bayan sanarwa, Baba Manasse ya tashi daga kujerar dattawa ya fito gaba. Bai riƙe sanda ba, ya tsaya a miƙe kamar yadda yake tsayawa a gaban 'yan makaranta.

"Jama'ar Ubangiji, na shiga sana'ar da ban sani ba, don kwaɗayi da girman kai. Na sayar wa ikilisiyata abin banza. Yara sun rasa shekara saboda ni. Daga yau na sauka daga kujerar dattawa, ban cancanta ba." Ya juya wajen da Pindar yake zaune. "Akwai kuma wanda na fi cuta. Mijin 'yata, Pindar. Ya amince da ni kamar uba, ni kuwa na sa shi a tsaka mai wuya, na ɓata masa aikin da aka ba shi amana. Yaron nan bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, balle ya saɓa mini. Ina roƙonsa gafara a gabanku."

Pindar ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Daga ɓangaren mata, Rhoda ta juyo tana kallonsa. Ya kama bayan bencin gabansa, ya miƙe. Ya kuma shirya maganar: na sani, tun ranar farko na sani.

"Ku duba!" in ji Rabaran Ya'akubu daga kan bagade a gaban majami'a. "Ku duba ɗa na gari! Ya tashi ya tarbi ubansa!"

Majami'a ta ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, matan zumunta suka buga tulu suka ɗauko waƙa, mutanen da ke kusa suka riƙa tura Pindar zuwa hanyar tsakiya suna shafa masa baya. Baba ya taho da hannuwa biyu a miƙe, hawaye na bin fuskarsa. Da ya iso sai ya soma sunkuyawa zai durƙusa, Pindar ya yi wuf ya riƙe shi. Ƙashi ne kawai a cikin kwat ɗin.

Rabaran ya ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Wuri ya yi tsit, har ana jin kukan jariri a waje. Yanzu babu tafi, babu tulu, babu abin da zai hana kowa jin duk abin da Pindar zai faɗa.

"Ɗana," in ji Baba, "ka yafe mini?"

Pindar ya dubi jama'a, fuskoki cike da ƙauna, duk suna jiransa. Ya sunkuyar da kai.

"Na yafe, Baba."

Tafi ya sake tashi, ya fi na farko. A ɓangaren mata, Rhoda ta ɗauki Salomi ta saɓa a kafaɗa, ta bi ta ƙofar gefe ta fita.